Idan ɗan sanda ya tsayar da kai a hanya a Amurka alhali kana ɗauke da bindiga mai lasisi

Tambaya: Wani ɗan'uwa mazaunin Amurka, mai katin zama na dindindin, ya rubuto cewa ya sami lasisin ɗaukar ƙaramar bindiga a jihar da yake zaune, kuma sana'arsa tana sa shi yawan tuƙi, wani lokaci har yakan tsallaka wasu jihohi. Yana son ya san ko wajibi ne ya sanar da ɗan sanda cewa akwai bindiga a motar idan aka tsayar da shi, da iyakar abin da ɗan sanda yake da ikon yi, da kuma yadda zai kauce wa irin abin da ya sami Philando Castile, direba mai lasisin bindiga da ɗan sanda ya harbe har lahira a Minnesota a 2016.

Amsa: Malam, lasisin da ke aljihunka hujja ce da za ta wanke ka a gaban alƙali, amma ɗan sandan da ya tako zuwa gilashin motarka bai gan shi ba tukuna, bai san ko wane ne kai ba, kuma abin da idonsa yake bi a daƙiƙoƙin farko shi ne hannuwanka. Saboda haka tambayarka ta rabu gida biyu: akwai abin da doka ta ɗora maka, wanda yake sauyawa daga jiha zuwa jiha, akwai kuma abin da zai sa ka koma gida lafiya, wanda kusan iri ɗaya ne ko'ina a ƙasar.

Babu wata doka guda da ta game Amurka duka a kan abin da mai bindiga zai faɗa wa ɗan sanda a bakin hanya. Gyara na biyu na kundin tsarin mulki, wanda aka amince da shi a 1791, shi ne tushen 'yancin mallakar makami. Kotun Ƙoli ta tabbatar a shari'ar Heller ta 2008 cewa mutum yana da 'yancin ajiye ƙaramar bindiga a gidansa domin kare kai, sannan a shari'ar Bruen ta 2022 ta ce 'yancin ya haɗa da fita da ita waje. Amma yadda za a ɗauke ta, da wuraren da aka hana shiga da ita, da abin da za a faɗa wa jami'i, galibi jihohi hamsin ne suke tsara su, kowace da nata, kuma hukumomin 'yan sanda wajen 18,000 ne suke aiwatar da su. Zuwa 2024, jihohi 29 sun daina wajabta lasisi kafin mutum ya fita da ƙaramar bindiga a ɓoye, wanda ke nufin ɗan sanda a waɗannan jihohi yana tsammanin haɗuwa da makami a kowace mota.

A kan batun sanarwa, jihohin sun kasu kashi uku. Akwai waɗanda suka wajabta maka ka faɗa nan take ba tare da an tambaye ka ba. Michigan tana cikinsu, kuma a can wanda ya yi shiru a karon farko tarar dala 500 ce a kansa tare da dakatar da lasisinsa na wata shida. North Carolina ma ta wajabta wa mai lasisi ya bayyana da zarar jami'i ya tunkare shi ko ya yi masa magana. Kashi na biyu su ne waɗanda suka ce sai an tambaye ka, kamar Minnesota, sai Ohio wadda a da tana kashi na farko amma ta sauya dokarta a 2022. Texas tana da nata salon: mai lasisin da ke ɗauke da bindiga, idan jami'i ya nemi shaidarsa, zai miƙa lasisin tuƙi tare da na bindiga. Kashi na uku su ne waɗanda dokarsu ba ta ce komai ba. Misalin Ohio ya isa ya nuna maka cewa waɗannan dokoki suna motsi, don haka ka karanta nassin dokar jiharka daga shafin 'yan sandan jiha ko na babban lauyanta, kada ka dogara da maganar mai shagon da ya sayar maka da bindigar ko ta abokai a zauren WhatsApp.

Inda doka ba ta wajabta ba, lauyoyi sun yi saɓani. Wasu suna ganin babu dalilin da mutum zai buɗe wa kansa ƙofar tambayoyi da lalube a kan laifin da bai wuce gudu ba, kuma maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. Ni dai ra'ayina shi ne, idan bindigar tana jikinka, ko tana wurin da hannunka zai bi kafin ya kai ga takardunka, ka faɗa. A jihohi da dama kwamfutar motar ɗan sanda tana nuna masa cewa kana da lasisi da zarar ya shigar da lambar motarka ko ta lasisin tuƙinka, kuma idan ya ce ka fito daga motar, ko ka sunkuya rigarka ta ɗaga, zai ga abin da ka yi shiru a kansa a daidai lokacin da bai shirya ganinsa ba. Idan kuwa tana kulle a but, babu harsashi a cikinta, kuma jihar ba ta wajabta ba, ba ka da buƙatar tayar da zancen sai an tambaye ka. Abin da babu saɓani a kansa shi ne kada ka yi ƙarya, domin ƙarya ga jami'i laifi ne mai zaman kansa a wurare da yawa.

Ikon ɗan sanda a bakin hanya ya fi yadda yawancin direbobi suke zato faɗi, kuma Kotun Ƙoli ce ta shimfiɗa shi hukunci bayan hukunci. A shari'ar Whren ta 1996 ta ce muddin akwai laifin hanya na gaske, komai ƙanƙantarsa, tsayarwar ta halatta ko da a ransa wani abu dabam yake nema. A shari'ar Mimms ta 1977 ta ce yana iya umartar direba ya fito daga mota ba tare da ya kawo dalili ba, a shari'ar Wilson ta 1997 kuma ta haɗa da fasinjoji. Tun 1968, a shari'ar Terry, an ba shi damar shafa jikin mutum ta saman tufafi idan yana da ƙwaƙƙwaran zaton cewa yana ɗauke da makami kuma yana da haɗari, sannan shari'ar Long ta 1983 ta miƙa wannan dama zuwa sassan cikin mota da hannu zai iya kaiwa. Tambayar da ta shafe ka kai tsaye ita ce ko mai lasisi ma ana lissafa shi mai haɗari. Kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya da ke kula da Virginia, West Virginia, Maryland da jihohin Carolina biyu ta amsa a shari'ar Robinson ta 2017 cewa, a tsayarwar da ta halatta, kasancewar makami a jikin mutum ya isa a lalube shi ko da dokar jihar ta yarda ya ɗauka. Saboda haka idan jami'i ya ce zai karɓi bindigar ya riƙe har a gama, kada ka ja da shi, kuma kada ka miƙa masa da hannunka. Ka faɗa masa inda take, ka bar shi ya ciro da kansa.

Wannan iko yana da iyaka. A shari'ar Rodriguez ta 2015 kotun ta ce ba a tsawaita tsayarwa fiye da lokacin da aikin da aka tsaya dominsa yake buƙata sai da sabon dalili, kuma abin da aka yi jayayya a kansa a waccan shari'a mintuna bakwai zuwa takwas ne kacal da aka ƙara ana jiran kare ya sunsuna mota. Haka nan idan ya nemi izininka ya bincike motar gaba ɗaya, kana da 'yancin cewa ba ka ba da izini ba, cikin ladabi, sau ɗaya. Idan ya ci gaba duk da haka, kada ka tare shi da jiki ko da hayaniya, domin wurin wannan gardama kotu ce, kuma kalmar da ka furta ta ƙin yarda ita ce lauyanka zai riƙe.

Yana da kyau ka fahimci abin da ke cikin kan mutumin da ke tsaye a gefenka. A watan Janairun 1998, a jihar Georgia, wani direba da aka tsayar saboda gudu ya ɗauko bindiga daga motarsa ya kashe matashin jami'i Kyle Dinkheller, kyamarar motar jami'in ta ɗauki komai, kuma shekara da shekaru ana nuna wannan bidiyo a makarantun horar da 'yan sanda. Alƙaluma sun nuna irin wannan abu ba kasafai yake faruwa ba. Masu bincike a Jami'ar Stanford sun ƙiyasta cewa ana tsayar da direbobi fiye da miliyan 20 a shekara, sama da 50,000 a kowace rana, kuma mafi rinjaye suna ƙarewa da gargaɗi ko takardar tara. Sai dai horon yana gina jami'i a kan mafi munin abin da zai iya faruwa, doka kuma tana ba shi rangwame mai yawa, domin tun shari'ar Graham ta 1989 ana auna amfani da ƙarfi ne da idon jami'i mai hankali da ke wurin a wannan lokaci, ba da abin da aka gano daga baya ba. A 2025, a shari'ar Barnes, wadda ita ma ta samo asali daga tsayar da mota a yankin Houston, kotun ta ƙara da cewa dole a duba duk abin da ya gabaci harbi, ba daƙiƙar da aka ja kunama kaɗai ba. Wannan gyara ne mai amfani, amma amfaninsa yana zuwa ne bayan an riga an yi ɓarna.

Yanzu ga al'amarin Castile, wanda ya cancanci a bi shi daki-daki. Ranar 6 ga Yulin 2016, a Falcon Heights da ke Minnesota, jami'i Jeronimo Yanez ya tsayar da shi, ya ce masa fitilar birkinsa ta mutu, ko da yake ya riga ya faɗa ta oba-oba cewa ya yi masa kama da wani da ake nema kan fashi. Castile ɗan shekara 32 ne, yana aiki a ɗakin abincin wata makaranta a St. Paul, yana da lasisinsa, kuma budurwarsa Diamond Reynolds tana gefensa, 'yarta mai shekara huɗu tana kujerar baya. Yanez ya nemi lasisin tuƙi da takardar inshora. Castile ya miƙa ta inshora, sannan cikin ladabi ya ce wajibi ne ya sanar da shi cewa yana ɗauke da bindiga. Yanez ya ce kada ya kai hannu gare ta, kada ya ciro ta, Castile ya amsa cewa ba ciro ta yake yi ba, kuma cikin 'yan daƙiƙoƙi Yanez ya yi harbi bakwai, biyar suka same shi. Reynolds, wadda ta watsa abin da ya biyo baya kai tsaye a Facebook, ta ce lasisin da aka tambaye shi yake ƙoƙarin cirowa. An tuhumi Yanez da kisan da ba na ganganci ba, masu taya alƙali yanke hukunci suka wanke shi a watan Yunin 2017, birnin St. Anthony kuma, wanda Yanez yake yi wa aikin ɗan sanda, ya biya mahaifiyar Castile kusan dala miliyan 3.

Ba na ɗora wa Castile laifi. Ya yi fiye da abin da dokar jiharsa ta nema, tun da ya faɗa kafin a tambaye shi, kuma jami'in ne ke da horo da alhakin cewa ya tsaya cak ya ɗora hannuwa a sitiyari, umarnin da bai taɓa bayarwa ba. Amma akwai darasi a yadda abin ya jeru. Umarni biyu ne suka haɗu a kansa a lokaci guda, na farko ya ciro lasisi, na biyu kada ya kai hannu, kuma takardar da makamin suna yanki ɗaya na jikinsa. Shi yana cika umarni na farko, jami'in yana ganin ana karya na biyu. Ko babu bindiga ma irin wannan ruɗani yana faruwa: a watan Satumban 2014, a Columbia ta South Carolina, jami'i Sean Groubert ya tambayi Levar Jones lasisinsa a wani gidan mai, Jones ya juya da sauri cikin mota don ya ɗauko, Groubert ya harbe shi. Jones ya rayu, ba shi da makami, jami'in kuma ya amsa laifi aka ɗaure shi.

Daga nan tsarin da ya kamata ka bi ya fito. Tun kafin ka tayar da mota, ka raba takardunka da bindigarka: lasisin tuƙi, da na bindiga, da takardar inshora da ta rajista su zauna a wurin da ido yake gani, kamar jikin abin tare rana da ke saman gilashin gaba, kada su kasance a aljihun da ke kusa da kuben bindiga, ko a ɗan akwatin gaban mota tare da ita. Idan ka ga fitilun 'yan sanda a bayanka, ka sa sigina, ka sauka gefen dama a wuri mai haske, ka kashe inji, ka sauke gilashi, ka kunna fitilar cikin mota idan dare ne, ka ɗora hannuwa biyu a saman sitiyari, ka kuma faɗa wa fasinjojinka su bar hannuwansu a fili. Kada ka fara lalube-lalube yayin da yake tahowa, domin daga baya ba ya iya bambance mai neman takarda da mai ɓoye makami.

Idan ya iso ya yi magana, ka fara da lasisi kafin ka ambaci makami. Ma'anar abin da za ka faɗa ita ce: ranka ya daɗe, ina da lasisin ɗaukar makami, yana ƙuguna na dama, yaya kake so in yi? Masu koyar da wannan fanni da yawa suna ba da shawarar a guji furta kalmar bindiga da ƙarfi a farkon jimla, saboda ita ce kalmar da jami'ai suke kwarmata wa juna idan sun hango haɗari, kuma abokin aikinsa da ke ɗaya gefen motar yana iya jin ta ita kaɗai. Bayan ka faɗa, duk wani umarni da ya gabata ka ɗauke shi ya faɗi, kada ka motsa sai ya ba da sabo. Idan ya ce ka kawo lasisi, ka faɗi inda yake, ka nemi izinin ɗaukowa, sannan ka motsa a hankali da hannu ɗaya. Idan umarninsa ya ci karo da juna, ko jami'ai biyu suna faɗin abubuwa dabam-dabam, ka daskare da hannuwa a sitiyari ka ce ba ka fahimta ba. Rashin motsi ba ya sa a harbi mutum, jinkirin minti ɗaya kuma ba laifi ba ne.

Akwai wasu ɗabi'u namu na gida da suke zama haɗari a can. A Kano ko Maraɗi, direba ya sauko daga mota ya tafi wurin jami'i ya gaishe shi girmamawa ce, amma a Amurka buɗe ƙofa ba tare da an ce ka fito ba alama ce ta mai shirin gudu ko faɗa. Miƙa hannu don musabaha, da yawan bayani da nuni da hannuwa, da sa hannu a aljihun gefe na kaftani, duk a bar su. Batun na goro kuwa ko da wasa kada ya fito, domin tayin cin hanci babban laifi ne da zai kai mutum kurkuku. Idan Turancinka bai nuna sosai ba, ka haddace jimlar sanarwar har ta zauna a bakinka, ka faɗe ta a sannu.

Ba zan ɓoye maka cewa launin fata yana cikin lissafin ba. Binciken da masanan Stanford suka wallafa a 2020, bayan nazarin tsayarwa kusan miliyan 100, ya gano cewa kason baƙaƙen fata cikin waɗanda ake tsayarwa yana raguwa bayan duhu ya shiga, lokacin da jami'i ba ya iya ganin fuskar direba, kuma ana bincike motocinsu a kan hujjar da ba ta kai ta farare ƙarfi ba. Shi kansa Castile an tsayar da shi fiye da sau 40 a rayuwarsa ta tuƙi, mafi yawa a kan ƙananan abubuwa. Wannan ba adalci ba ne, amma yana nufin fitilar da ta mutu ko rajistar da ta ƙare sun fi tsada a wurinka, don haka ka riƙa duba su.

Tsallaka iyakar jiha shi ne inda masu bin doka suka fi faɗawa rami. Lasisin tuƙi yana aiki ko'ina, na bindiga kuwa sai a jihohin da suka amince da na jiharka. A 2013 Shaneen Allen, uwar yara biyu daga Philadelphia mai lasisin Pennsylvania, an tsayar da ita a New Jersey kan ƙaramin laifin hanya, ta sanar da jami'i da kanta cewa tana da bindiga, aka kama ta, ta fuskanci ɗaurin da bai gaza shekara uku da rabi ba, sai a 2015 Gwamna Chris Christie ya yi mata afuwa. Dokar tarayya ta 1986 tana kare mai wucewa ta jihar da ba ta amince da lasisinsa ba, da sharaɗin cewa bindigar halal ce gare shi a inda ya taso da inda za shi, babu harsashi a cikinta, kuma ita da harsasan suna wurin da hannu ba ya kaiwa daga kujera, kamar but, ko cikin akwati mai kulle idan motar ba ta da but, ban da ɗan akwatin gaban mota. Kariyar ta mai wucewa ce, ba ta wanda ya yada zango ba, kuma a New York da New Jersey ana iya kama mutum tukuna, daga baya ya kawo ta a matsayin hujja a kotu.

Matsayinka na baƙo yana ƙara wa duk wannan nauyi. Dokar tarayya ta yarda mai katin zama na dindindin ya mallaki bindiga, amma ta hana wanda ba shi da takardu, ta kuma hana mai bizar wucin gadi, kamar ɗalibi ko ɗan yawon buɗe ido, sai a 'yan keɓaɓɓun halaye irin na mai lasisin farauta, don haka kada ka bar ta a motar da ƙaninka ɗalibi zai tuƙa. Dokar shige da fice kuma ta sanya hukunci a kan laifin bindiga cikin dalilan tasa ƙeyar baƙo, ko da yana da katin dindindin, wanda ke nufin laifin da ɗan ƙasa zai biya tara ya wuce, kai yana iya raba ka da ƙasar. Idan sana'ar taka jigilar fasinja ce da Uber ko Lyft, ka sani ƙa'idojin kamfanonin biyu sun hana ɗaukar bindiga yayin aiki, kamfanonin manyan motoci da yawa ma haka. Idan kuma har aka kama ka, ka ce kana son lauya, ka yi shiru, kuma kada ka amsa kowane laifi, komai ƙanƙantarsa da sauƙin da mai gabatar da ƙara ya yi maka alkawari, sai lauyan da ya san dokar shige da fice ya duba takardar.